Shin motar zuwa aiki za ta iya shiga filin tseren motoci ta fito lafiya?

Dan_Birni
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana mota, musamman makanikai da ƴan uwanmu mazauna Turai. Ƙanena yana aiki a birnin Kolon na ƙasar Jamus, kuma in Allah ya yarda zan kai masa ziyara bayan damina. Ya shaida mini cewa akwai wani filin tseren motoci da ake kira Nürburgring, tafiyar kusan awa ɗaya daga inda yake zaune, wanda a wasu ranaku ake buɗe wa kowa da kowa, mutum ya sayi tikiti ya shiga da motarsa ta gida. Yana so mu je da Golf ɗin da yake zuwa aiki da ita, wadda ba a ƙara mata komai ba tun da ya saye ta. Shin irin wannan mota za ta jure, ko kuwa lalata ta za mu je yi? Me ya kamata a duba kafin a shiga, kuma nawa abin yake ci?

Bakanike_Dole
Wa alaikumus salam, Alhaji. Motar za ta iya, amma abin da zai fara gajiya shi ne birki, ba injin ba. Mutane suna zaton injin ne yake shan wahala a filin tsere, alhali injin lafiyayye da isasshen baƙin mai da ruwa a lagireto yana iya ɗaukar wannan aiki. Birkin motar gida kuwa an ƙera shi ne don a taka shi da ƙarfi sau ɗaya ko biyu sannan ya samu lokacin hucewa, to a filin tsere kafin ya huce an riga an iso wata kwanar. Idan plaket, wato takalmin birki da yake matse faifan ƙafa, ya wuce zafin da aka yi shi dominsa sai ya daina kamawa, idan kuma man birki ya tafasa sai ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa motar ba ta rage gudu ba. Shawarata ta farko ita ce a zubar da tsohon man birki gaba ɗaya a zuba sabo, a kuma tabbata plaket bai ci fiye da rabi ba.

Injiniya_Mirriah
Ina goyon bayan Malam Bakanike, kuma zan ƙara da lissafi kaɗan don a ga dalili. Zafin da birki yake haɗiyewa yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa, wato motar da aka tsayar daga kilomita 160 a awa tana zuba wa birki zafi ninki huɗu na wadda aka tsayar daga 80, ba ninki biyu ba. Shi kuma man birki yana shan danshin iska a hankali, shi ya sa yake lalacewa ko da motar tana ajiye. A ƙa'idar DOT 4, ɗaya daga cikin matakan ingancin man birki, sabon mai ba zai tafasa ba sai ya kai aƙalla digiri 230, amma wanda ya sha ruwa ma'auninsa yana saukowa zuwa wajen digiri 155. Wannan tazarar ce take raba wanda ya tsaya da wanda ya wuce kwana ya daki shinge. A titin Damagaram zuwa Takeita mutum zai shekara uku da tsohon mai bai ga bambanci ba, domin bai taɓa kai birkinsa wannan zafin ba.

Mazaunin_Kolon
Alhaji Dan_Birni, barka da shirin tafiya. Ni ma a wannan yanki nake, kuma na shiga filin, don haka bari in yi bayanin yadda yake. Ɓangaren da ake buɗe wa jama'a shi ne tsohuwar hanyar arewa, Nordschleife, wadda aka buɗe a 1927. Tsawonta kilomita 20.8 ne, tana ratsa daji da tsaunukan Eifel, tana da kwanoni 73 a ƙidayar masu filin, kuma tsakanin wuri mafi tudu da mafi gangare akwai kusan mita 300. Yawancin kwanonin a ɓoye suke bayan tudu ko itatuwa, ba ka ganin inda hanya ta nufa sai ka iso, kuma a wurare da yawa tsakanin kwalta da shingen ƙarfe ƴar ciyawa ce kawai. A nan ne direban tsere Niki Lauda ya yi hatsarin da ya ƙone shi a 1976, kuma daga wannan shekarar babbar gasar tseren motoci ta Formula 1 ba ta sake amfani da wannan ɓangaren ba.

Abin da ya kamata ku sani shi ne, a lokacin da aka buɗe wa jama'a ba tsere ake yi ba. Dokar hanya ta Jamus ce take aiki: dole motar ta kasance mai cikakkun takardu, ana wuce mota ta hannun hagu kaɗai, wanda ba ya sauri ya riƙe hannun dama ya kunna sigina don na baya ya san ya gan shi, kuma an hana auna lokaci da agogo. A ƴan shekarun nan kuɗin zagaye ɗaya yana tsakanin Yuro 30 daga Litinin zuwa Alhamis da 35 daga Juma'a zuwa Lahadi, wato jika ashirin zuwa ashirin da uku na kuɗinmu, tunda Yuro ɗaya sefa 656 ne. Za ka ga motocin iyali da ƙananan motocin cikin gari suna shiga tare da Porsche, saboda haka Golf ba baƙuwa ba ce a wurin.

Hajiya_Zongo
Ni tambayata ba ta birki ba ce. Alhaji ya ce da wannan motar ƙanensa yake zuwa aiki. Idan aka je ranar Lahadi wani abu ya same ta, da me zai je aiki ranar Litinin? Ƴaƴanmu da suke waje ba su je can don wasa ba, akwai iyaye da ƙanne a nan gida da suke jiran abin da za su turo. Ina ganin babban wa shi ya kamata ya hana, ba shi za a ɗauka a gaban mota ba.

Dan_Birni
Hajiya, maganarki tana kan hanya, kuma dalilin da ya sa na kawo batun nan ke nan kafin in amsa masa. Yaron ba mai rawar kai ba ne, amma son mota a jininsa yake tun yana ƙarami, kuma na fi son in kasance tare da shi da ya je da abokai ban sani ba.

Mai_Inshora_Yamai
Hajiya ta taɓo wurin da ya fi kowane muhimmanci, kuma da izinin zaure zan ɗan tsawaita a kai, domin sana'ata ce. Kuɗin tikiti shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Kamfanonin inshora da yawa a Turai suna rubuta a cikin yarjejeniya cewa ba su biyan ɓarnar da ta faru a filin tsere, wasu ma suna ambaton sunan wannan filin ƙarara. Akwai bambanci tsakanin inshorar da take biyan wanda ka yi wa ɓarna da wadda take gyara taka motar, kuma ta biyun ce aka fi cire filin tsere daga cikinta. Ma'ana, idan ya daki shinge shi kaɗai, gyaran motar daga aljihunsa ne.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Masu filin suna cajin direba kuɗin shingen da ya lanƙwasa gwargwadon tsawon da ya lalace, da kuɗin motar da za ta janye shi, da na ma'aikatan da suka fito, kuma idan hatsarin ya sa aka rufe hanya ana lissafa masa lokacin. Idan kuma motarsa ta zubar da mai ko ruwan lagireto na baya suka zame a kai, alhakin yana iya komawa kansa. Don haka ƙanenka ya ɗauko takardar yarjejeniyarsa ya karanta, ya kuma rubuta wa kamfanin ya tambaya, amsar ta zo a rubuce, ba ta baki a waya ba. Kai kuma Alhaji, idan kana da niyyar kama sitiyari da kanka, a duba ko inshorar ta yarda wani ya tuƙa motar ban da mai ita, kuma ka tafi da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na Nijar.

Dalibi_Liyon
Na taɓa zuwa irin wannan rana a wani ƙaramin fili a nan Faransa, da wata tsohuwar ƙaramar mota ta abokina, kuma abin da Malam Bakanike ya faɗa shi ne ya same mu. Da farko komai lafiya, sai daga baya muka fara jin ƙauri, birki ya yi laushi, dole muka fita muka jira ya huce. Wani dattijo da ya saba zuwa ya hana mu jan birkin hannu bayan mun tsaya, ya ce plaket mai zafi yana iya mannewa a jikin faifan ya bar masa tabo, sai dai a bar motar a giya a wuri mai daidai. Ya kuma koya mana cewa kafin a fita a yi zagaye na ƙarshe a hankali ba tare da taka birki sosai ba, don iska ta sanyaya komai. Ni ina ganin ga mai fara koyo ƙaramin fili ya fi, domin kilomita uku ko huɗu mutum yana haddace kwanoninsa cikin ɗan lokaci, akwai fili mai tsakuwa a gefe da zai tare ka idan ka kauce, ana yi muku bayani kafin a fara, kuma ana sa hular kwano.

Mazaunin_Kolon
Ɗalibi ya yi gaskiya game da haddace hanya. Kilomita 20.8 ba a haddace ta a yini ɗaya, kuma masu koyonta a wasan kwamfuta su ne suka fi ba ni tsoro, domin sun san inda kwana take amma ba su san yadda gangare da tudun kwalta suke ɗaga mota ba. Idan suna son ƙaramin fili, Spa ta Beljiyam mai kilomita 7 ba ta da nisa da Kolon, sai dai ranakunta sun fi tsada domin yawanci yini ko rabin yini ake saya, ba zagaye ɗaya ba.

Direban_Agadas
Ku gafarce ni, amma ina mamakin yadda ake tsoron hanya mai kwalta sumul wadda babu jaki, babu raƙumi, babu rami, kuma kowa gefe ɗaya ya nufa. Mu da muke bin hanyar Tanut zuwa Agadas da kaya da fasinja a cikin zafin da ya wuce digiri 40, motocinmu na gida ne, kuma suna kai mu suna dawo da mu. A 1975 Peugeot 504, irin wadda iyayenmu suka yi haya da ita, ita ce ta ci gasar Safari ta Kenya. Motar da ta jure hanyarmu ina ganin ba abin da kilomita ashirin za su yi mata.

Bakanike_Dole
Yaya Direba, wahalar iri biyu ce. Hanyar Agadas tana cin ƙafafun mota, da sufirin, da matatar iska, tana kuma gwada lagireto, amma kana iya tafiyar kilomita hamsin ba ka taka birki da ƙarfi ko sau ɗaya ba. Dokin da yake kai mutum ƙauye ya dawo kullum ba shi ne za a ɗauka rana ɗaya a sa a sukuwa ba tare da shiri ba, ko da ya fi na sukuwar juriya. Sannan 504 ɗin da ta ci Safari kamfani ne ya shirya ta, da makanikai masu binta, ba daga tasha aka ɗauko ta ba.

Tsohon_Malamin_Lakwal
Tunda an ambaci tsohuwar gasa, bari in tuna wa matasa cewa ƙasarmu ta ga irin wannan. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda Thierry Sabine ya shirya, ta tashi daga Paris a ƙarshen Disamba 1978, ta bi ta Tamanrasset ta shigo Agadas da Yamai kafin ta wuce Gao. Yawancin waɗanda suka shiga a lokacin ba ƙwararru ba ne, masu sha'awa ne da motocin da ba su da nisa da na kasuwa, har wasu ƴan uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, suka kai ƙaramar Renault 4 Dakar a sahun gaba. Daga baya abin ya koma na manyan kamfanoni, aka soke ta 2008 saboda tsaro, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. Abin da nake so in nuna shi ne sha'awar gwada motar gida a fagen gasa tsohuwa ce, ba ƙanen Alhaji ne ya fara ta ba.

Injiniya_Mirriah
Malam, Allah ya ƙara lafiya, tarihin daidai yake, sai dai a ƙara da cewa Renault 4 ɗin nan an mayar da ita mai jan ƙafa huɗu kafin ta shiga hamada, don haka ita ma hujja ce ga masu cewa a yi shiri. Bari in dawo kan Golf, domin ba a yi maganar taya ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa robarta tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba. Akwai kuma harafin da yake nuna iyakar gudun da aka yi ta dominsa: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Iskar cikin taya tana ƙaruwa idan ta yi zafi, kusan kashi ɗaya cikin goma na bar, wato ma'aunin matsin iska, a kowane digiri 10, saboda haka a auna kafin a shiga, a sake aunawa da an fito, kuma idan an rage iska a filin kada a manta a mayar da ita kafin a kama hanyar gida. A duba ɗaurin notocin ƙafa. Baƙin mai ya kasance a layin sama na sandar awo ba tare da ya wuce ba, domin a doguwar kwana man yana taruwa gefe ɗaya, idan ya yi ƙasa famfo sai ya ja iska.

Malam_Garin_Malam
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina so a dubi abin ta fuskar addini. Allah ya ce kada mu jefa kanmu da hannayenmu zuwa ga halaka, kuma ya hana almubazzaranci. Ba na cewa shiga wannan fili haramun ne kai tsaye, domin Musulunci bai hana tsere ba, an yi tseren dawaki da raƙuma tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin dubawa shi ne gwargwadon hatsarin da kuma halin mai yi. Wanda yake da bashi a kansa ko iyalin da ba su da wata madogara sai wannan motar, hukuncinsa ba ɗaya ba ne da wanda asarar ba za ta girgiza shi ba. Alhaji ya fi mu sanin halin ƙanensa.

Matashin_Sabon_Gari
Malam, da girmamawa, ni ina ganin wanda ya je fili ya biya kuɗi ya fi mu bin wannan ayar. A nan garin, duk ranar ɗaurin aure sai ka ga samari suna wasa da motoci da babura a tsakiyar titi, cikin yara da masu talla, babu shinge, babu motar asibiti, babu mai ɗaga tuta. Da muna da wuri ko da na ƙasa ne a bayan gari, da an rage wannan. A can aƙalla duk wanda yake kan hanyar da yardarsa ya shiga.

Tsohon_Jandarma
Ɗana, ka faɗi gaskiya a kan wasan biki, na ɗauki gawa a irinsa, kuma ba na fatan kowa ya ga abin da na gani. Amma fili ba share ƙasa ba ne kawai. Sai da masu kula a kowace kwana, da tutoci da kowa ya san ma'anarsu, rawaya a rage gudu kada a wuce kowa, ja a dakatar da gudu, sai da motar kashe gobara da likita a kusa. Idan babu waɗannan, an dai matsar da hatsarin ne daga cikin gari zuwa bayan gari. A yankinmu na Afirka ta Yamma akwai fili na gaske a Sindia ta Senegal, mai kusan kilomita 4.7, can kudu kuma akwai Kyalami kusa da Johannesburg, inda aka yi Formula 1 ta ƙarshe a nahiyar nan a 1993. Ƙarancinsu ya isa ya nuna cewa riƙe irin wannan wuri ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Hajiya_Zongo
An tafi Dakar an dawo, an tafi Senegal, amma ba wanda ya amsa mini da me yaron zai je aiki ranar Litinin.

Mazaunin_Kolon
Hajiya, ki yi haƙuri, ga amsa. Akwai hanyoyi biyu da ba sai an taɓa motarsa ba. A ƙauyukan da suke kewaye da filin akwai kamfanonin da suke ba da hayar motoci da aka shirya don wannan hanya, da birki da taya masu jure zafi, wasu har da ƙarafan kariya a ciki, kuma ana iya ɗaukar mai koyarwa ya zauna a gefe. Sai dai hayar tana da tsada, kuma akwai wani kaso na ɓarna da mai haya yake ɗauka a kansa, wanda ba ƙarami ba ne, don haka a karanta takarda kafin a sa hannu. Hanya ta biyu ita ce tasin filin, inda ƙwararren direba yake ɗaukar fasinja ya zagaya da su da gudun gaske. Wanda yake son ya ji yadda abin yake ba tare da ya ɗauki alhaki ba, wannan ce tasa.

Amma ni ban yarda cewa shiga da motar gida rashin hankali ne ba. Na ga mutane da yawa sun yi zagaye ɗaya ko biyu da gudun da bai wuce na babbar hanya ba, suna dama, idonsu a madubi, suka fito suka ci abinci suka koma gida. Waɗanda ake ɗauka a bidiyo suna juyawa a kwanar Brünnchen, inda ƴan kallo suke taruwa, galibi waɗanda suka ga jama'a ne suka ƙara wuta, ko suka ga wata mota ta wuce su zuciya ta ɗebe su, ko suka kashe na'urar da take hana mota zamewa don su nuna gwaninta. Wannan na'urar a bar ta a kunne. Kwanar Karussell mai gangaren kankare kuma ba dole ba ne a faɗa cikinta, ana iya bi ta sama a hankali, domin tana girgiza ƙafafun mota sosai.

Mai_Inshora_Yamai
Ɗan uwa, ban musa ba cewa yawancin masu shiga suna fita lafiya. Amma a sana'armu ba yawan faruwar abu kaɗai muke dubawa ba, muna duba girman asarar idan ya faru da kuma wanda zai ɗauke ta. Mai tafiya a hankali a dama ma ana iya dukansa daga baya, ko ya taka man da wani ya zubar. Natsuwarsa tana rage hatsari, ba ta canja abin da aka rubuta a yarjejeniya.

Dillalin_Kwatano
Ni ta wani gefe abin ya shafe ni. Ina sayo motoci daga Turai ta tashar Kwatano, kuma wannan zance ya sa na gane wani abu da nake gani a wasu motocin: faifan birki ya yi shuɗi-shuɗi da ƙananan tsage, gefen tayoyin gaba ya narke kamar an goga a wuta alhali tsakiya da sauran zane, wani lokaci har da sitika mai zanen filin a bayan mota. Masu saye a nan su riƙa duba waɗannan alamu. Ƙanen Alhaji kuma ya sani cewa idan ya manna wannan sitika, ranar da zai sayar da motar mai saye zai rage masa kuɗi.

Dan_Birni
Na gode wa kowa, Allah ya saka da alheri. Na tura masa abin da kuka rubuta. Ya duba tayoyin, na gaba na 2022 ne, na baya kuma sun girme su sosai, man birki kuwa tun da ya sayi motar ba a canja ba. Ya ce zai kai ta gareji, zai kuma rubuta wa kamfanin inshora kamar yadda aka ba da shawara. Shi har yanzu ransa yana kan ya shiga da tasa, domin a cewarsa abin da yake so shi ne ya san iyakar motar da yake tuƙawa kullum, ba ta haya ba. Ni kuma maganar Hajiya ta tsaya mini. A watan Oktoba zan je, ko lokacin yana da kyau?

Mazaunin_Kolon
A Oktoba filin yana buɗe, amma lokacin sanyi da ruwa ne, kuma saboda tsawon hanyar ana iya samun rana a wani ɓangare, wani ɓangaren kuma a jiƙe, ga ganyen itatuwa da yake zuba a kan kwalta. Idan kun ga hadari ku haƙura ku tsaya kallo, kallon ma ba a biya a wurare da yawa. A duba jadawalin ranakun buɗewa a shafinsu na intanet kafin a taso, domin wasu ranakun na gasa ne ko na kamfanonin da suke gwajin sababbin motoci. Yammacin ranakun aiki ya fi ƙarshen mako sauƙin cunkoso. Ku cire duk abin da yake yawo a cikin mota, kwalbar ruwa da ta gangara ƙarƙashin birki ta isa ta jawo masifa, ku kuma shiga da isasshen mai a tanki, domin a irin wannan tuƙi mota tana shan fiye da yadda ta saba nesa ba kusa ba.

Dalibi_Liyon
Idan abin da yake so shi ne sanin iyakar motarsa, to wannan filin ba wurin neman iyaka ba ne, domin wanda ya same ta a can shinge ne zai gaya masa. A Jamus akwai filayen koyar da tuƙin kariya, inda ake jiƙa kwalta da ruwa a sa ka taka birki da ƙarfi ko ka ji yadda mota take zamewa a ƙaramin gudu, da motarka, da malami yana yi maka magana ta rediyo. Ya fara da wannan, sannan ya yanke shawara a kan ɗayan.

Bakanike_Dole
Alhaji, a gaya masa kada ya bar tsofaffin tayoyin nan a baya. Mutane suna sa masu kyau a gaba saboda nan injin yake ja, amma idan gaba ta zame mota miƙewa take yi, direba ya ɗaga ƙafa ta dawo, idan kuwa baya ta zame juyawa take yi, kuma wanda bai saba ba ba zai iya kamo ta ba. Ko zai je filin ko ba zai je ba, ya canja su kafin sanyi ya shigo. Idan an sa sabon plaket kuma, ya yi ƴan kwanaki yana tuƙi da shi a gari ya zauna da kyau, kada a sa yau a shiga fili gobe.

Direban_Agadas
Wannan magana ta tayar baya ban yarda da ita duka ba, Malam Bakanike. Mu a kan hanya tayar gaba muke tsoron ta fashe, domin ita take riƙe da sitiyari, shi ya sa sabuwa kullum gaba take zuwa.

Injiniya_Mirriah
Yaya Direba, fashewa daban, zamewa daban. Tayar da ake tsoron za ta fashe ba ta da wurin zama a mota, gaba ko baya. Amma idan duka huɗun lafiyayyu ne, biyu sun fi biyu kamu, masu ƙera taya da kansu suna ba da shawarar a sa masu kamun a baya, saboda dalilin da Malam Bakanike ya faɗa, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta irin ta Eifel a watan Oktoba bambancin ya fi fitowa fili. A motarku mai ɗaukar kaya a busasshiyar hanya lissafin yana iya bambanta, sai mu buɗe masa zance na daban.